Malam Baƙo, Mai Koyar da Furfura Riƙon Kyamara

Ranar Asabar, lokacin da ma'aikata ke juyi a kan katifa, Malam Baƙo ya riga ya baro unguwar Kambarawa a kan tsohuwar Besfarsa, jakar batura a rataye. Tun jiya ya yi masu caji, don wuta ba ta da alkawari. Shi ke buɗe ɗakin koyon aiki, ya goge idon kowace kyamara da ƙyallen tsohon rawani, sannan ya zauna jiran ɗalibansa.

Ɗaliban kuwa ba yara ba ne. 'Yan jarida ne masu aiki, na rediyo da na takarda, waɗanda suka dawo neman babbar difloma a shekarun da sojoji suka koma bariki. Zamani ya ce mai alƙalami ya iya kyamara, mai murya ya iya kwamfuta. Wasunsu sun girme shi. Alhaji Yari, wanda ya tsufa yana karanta sanarwar gwamnati, ranar farko ɗaga linzamin kwamfuta ya yi sama yana nuna allo da shi.

"Alhaji, a ƙasa yake kiwo," in ji Malam Baƙo, ya dafa hannunsa ya sauke a hankali.

"To ai ban san akuya ce ba!"

Aji ya yi dariya, Alhaji ya fi kowa. A ajinsa ba a jin kunyar rashin sani.

Amma abin da aka fi tunawa shi ne aikin Zuwaira. Ma'aikaciyar rediyo ce mai 'ya'ya, kullum a makare take zuwa da ƙanshin girki a mayafi. Aikinta na kammalawa rahoton bidiyo ne, in babu shi babu takarda. Ta zaɓi matan wata ruga da ke kawo nono Babbar Kasuwa. Rijiyarsu ta rufta, suna son sabon kansilan da suka zaɓa ya ji. Babbarsu, Inna Hajo, ta yarda da magana, amma da ta ga kyamara ta juya baya.

"Murya dai ki ɗauka. Surukaina su gan ni cikin akwati ina wage baki? A'a, 'yar nan."

Sauran matan suka bi ta. Zuwaira ta dawo ta aje kyamarar a teburin Malam Baƙo.

"Malam, na haƙura. Rediyon ma ta ishe ni."

Bai yi mata wa'azi ba. Ya ce ta hau mota, shi zai biyo da Besfa. A rugar bai roƙi kowa ba. Ya gaida Inna Hajo, ya tambayi shanu, ya tambayi yara, ya sake tambayar shanu, ya sha fura. Ita kuwa tana magana tana murza tafinta, inda igiyar guga ta wata rijiya mai nisa ta yi mata kanta.

"Inna, fuska taki ce," in ji shi. "Hannun fa, za ki ara mana?"

Ta dubi hannun, ta yi dariya. "Wannan busasshen? Ku ɗauka."

Haka Zuwaira ta haɗa rahoto babu fuska ko ɗaya: hannuwa a kan igiya, ƙafafu a kan hanya, ƙwaryar da babu ruwan wanke ta, muryar Inna Hajo a bisansu. Ta ci jarrabawa. Gidan talabijin ya nuna rahoton, kansila ya zo da masu haƙa, rijiya ta tashi. Da Zuwaira ta koma, Inna Hajo ta tare ta da faɗa tana dariya: wani surukinta ya gane awarwaronta.

Kai ne, Malam Baƙo, ka koya mana cewa sabon inji ba ya cire tsohuwar kunya, kuma mai ɗaukar labari baƙo ne a gidan mutane. Kai ne ka karɓi masu furfura ba ka taɓa tuna masu da ita ba. Sunanka bai taɓa fita a ƙarshen rahoton kowa ba, alhali hannunka na cikin dukkansu.

Makon jiya aka yi walimar ritayarsa. Zuwaira, wadda yanzu ke koyar da ajin, ta ɗaga kyamara. Inna Hajo ta zo da ƙwaryar nono ta miƙa mashi. Sai Malam ya kare fuska da hula.

"Ashe kai ma!" in ji Inna Hajo. "To 'yar nan, ɗauki hannun."

Hoton yana nan a bangon ajin: hannu biyu sun tallabi ƙwarya.

Mun gode, Malam. Allah Ya ba da lafiya, Ya sa a ci hutun nan da daɗi. Masu koyar da manya kuma, ku je ku dubi hoton nan kafin ku shiga aji.