Gaisuwar Kamfani

An kore ni daga kamfanin kafasita ranar wata Laraba bayan azahar, saboda kafasita ta ciji baƙon maigida. Ni na ɗura mata wutar. Ban taɓa musu ba.

Kamfanin a garejin Alhaji ya fara, nan Tudun Wada. Alhaji fanka yake sayarwa. Ya lura duk fankar da aka dawo masa da ita wai ta yi sanyi, tana juyawa kamar mai jin barci, ba injinta ne ya mutu ba. Ɗan abin nan ne mai waya biyu da ke maƙale a wuyanta, wanda ke ba ta ƙarfin tashi. Shi ne kafasita. Da aka rufe wata masana'anta a Kaduna, sai ya je ya sayo tsohon injin naɗinsu, ya fitar da motarsa waje, ya sa aka rubuta allo. Kamfani ya tashi ke nan.

Mu uku ne da farko. Mama 'yar Wusasa ita ke kan injin, tana naɗe siririyar leda da takardar alminiyam tare, kamar tabarma. Malam mai lida shi ke haɗa wayoyi da narkakkiyar dalma, ya zura naɗin cikin ƙoƙon roba, ya cika da ƙaro. Ni ne na ƙarshe, mai gwaji. A lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Kafin nan na yi dako, na yi haƙar rijiya, rijiya ta taɓa rufta mini. Wuta ba ta ba ni tsoro ba.

Ga yadda nake yi. In zura wayoyin biyu a soket, ƙiftawar ido, in zare, in haɗa bakinsu. In ta ce tas, da ƙarfi, lafiyayya ce. In ta ce fis, sai kwandon shara. Akwai wadda za ta ce tas ɗin, amma da ɗan rauni a ƙarshe. Wannan wata biyu za ta yi a fanka ta kumbura. Kunnena ya san su duka.

Abin da baƙo bai sani ba shi ne, kafasita tana riƙe wuta ko bayan an zare ta. Tana nan kwance a tebur kamar ba ta san komai ba. Ka taɓa bakin wayoyin, ta cije ka har gwiwar hannu. Ta fanka ba ta kisa, sai dai ta sa ka tuna da uwarka. Ta injin burtsatse kuwa ba a wasa da ita, ban kuma taɓa yi ba.

Daga nan al'adarmu ta fito. Duk sabon ma'aikaci, ranar farko, sai in miƙa masa ɗaya in ce, "Ɗan riƙe mini wannan." Muna ce mata gaisuwar kamfani. Mama ta sha, ta bi ni da tsintsiya har titi. Alhaji ma ya sha, ya kwana biyu ba ya amsa sallamata. Amma duk wanda ya sha sau ɗaya, ba ya sake ɗaukar kafasita sai ya fara kashe wutarta da sukundireba.

Kamfani ya girma. Masu gyaran fanka daga Kwangila da Sabon Gari suka riƙa zuwa da kansu. Aka fasa bangon gareji aka haɗa da ɗakin baƙi. Muka kai mu goma sha ɗaya.

Sai ɗan ƙanwar Alhaji ya gama karatun kasuwanci a makarantar Kongo, nan cikin garinmu, aka yi masa manaja. Alhaji ya kira ni gefe ya ce, "Gaisuwar nan taku, ban da shi." Na ce to.

Manaja ya zo da mita, 'yar akwati rawaya mai nuna lamba. Ya tsaya kan teburina ya ce, "Baba, zamanin kunne ya wuce. Wannan ba ta ƙarya."

Na ce, "Tana jin tas?"

Ya ce ba ta buƙatar ji. Ya ce nan da ƙarshen wata teburin nan na mita ne, ni kuma zan koma ɗaure kwali. Shekara goma sha huɗu ina kan teburin. Mitar da ɗan batirinta take gwaji, kamar a gwada ƙarfin jaki da hula a bayansa. Mai raunin nan da nake ji, mita cewa take lafiya lau. Na faɗa masa. Ya ce in kawo hujja a rubuce.

Ranar Larabar, wani dattijo ya zo daga Kano, mai shagunan fanka da yawa, yana so ya ga kayanmu kafin ya fara ɗauka. Aka share ko'ina, aka ba mu riguna iri ɗaya. Manaja ya zaga da shi yana bayani, rabi da Turanci. Da suka iso teburina, na ji yana cewa a da da kunne ake yi, irin na ƙauye, amma yanzu an waye.

Akwai wata mai kyau a hannuna, yanzu na zare ta daga soket. Ban haɗa bakinta ba. Na ce, "Manaja, ɗan riƙe mini wannan."

Mama ta kashe injin. Malam mai lida ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

Manaja nake nufi, Allah ya sani. Amma yaron yana da tarbiyya. Ya karɓe ta ta gindi, ya rusuna, ya miƙa wa dattijon da hannu biyu, wayoyi a gaba. "Ranka ya daɗe, ga samfurinmu."

Dattijon ya kama. Hularsa ta faɗi, carbinsa ya yi gabas. Ya ce "Inna!" da muryar da ba ta dace da gemunsa ba.

Ya daɗe yana yarfe hannu. Sannan ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Wane ne ya yi wannan?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Ba kai aka nufa ba."

"Wa aka nufa?"

Na nuna manaja da haɓa.

Ya ce in maimaita, amma ba a hannunsa ba. Na ɗauki biyu daga cikin waɗanda mita ta wanke. Ta farko ta ce tas. Ta biyu ta ce fis. Ya ce a ba shi hularsa, ya fita.

Bayan azahar Alhaji ya kira ni. Ya ce, "Na ce maka ban da shi."

Na ce, "Ai bai sha ba."

Ya juya baya, na ga yana danne dariya, amma ya ce in ajiye rigar kamfani in tafi. Ƙanwarsa ta riga ta kira shi a waya.

Na kafa rumfa a bakin layinmu, ina gyaran fanka. Sati uku sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya, manaja ya fito da kwali huɗu. Dattijon ya ce zai ɗauka, amma sai kayan da mai cizon nan ya gwada da kunnensa. Alhaji ba zai iya mayar da ni ba, ba zai iya sakin cinikin ba. Haka manaja ya riƙa kawo mini kwalaye duk Litinin har shekara shida, yana tsaye a rana ina tas, tas. Bai taɓa karɓar komai daga hannuna ba. Ko ruwa na miƙa masa, sai ya ce in ajiye a ƙasa.

Daga baya kafasita mai araha ta cika kasuwa daga waje, ga fankar sola da ba ta buƙatarta. Kamfani ya rufe. Motar Alhaji ta koma garejinta.

Ni ina rumfata a Tudun Wada har yau. Kunnen hagu ya tafi, na dama yana aiki.