Ƙarfen da Ya Gaji Ɗingishin Mai Shi

Shekara talatin da biyu Mai Agogo ya yi a ɗan shagon da bai fi akurkin kaji ba, gilashi manne a ido ɗaya, yana tonon cikin agogunan mutane. Da waya ta zo ta kashe sana'ar, abokansa suka koma sayar da caja. Shi kuwa, da yake kansa ba irin na mutane ba ne, sai ya shiga ƙera mutum-mutumi mai tafiya da ƙafa biyu. Injin tsohuwar rediyo, haƙoran agogon bango, gwangwanin madara, duk abin da aka yar a wurinsa gwiwa ce ko kafaɗa.

"Malam, 'ya'ya huɗu na haifa maka, ban ga wanda ka yi wa wannan tarairayar ba," in ji matarsa.

"A cikin huɗun wa ya taɓa tsayawa na ɗaure masa kai da sukudireba?"

Burinsa ɗaya ne: makarantar bayan layinsu ta ba shi awa guda a mako ya koya wa ɗalibai yadda ake sa ƙarfe ya taka ƙasa. Shugabar makarantar ta ce ya kawo a gani, in abin ya yi kyau, aji nasa ne.

To, ƙarfe ba ya tafiya sai an auna masa takun mutum, shi kuma kunya ta hana shi ce wa kowa "taka in gani". Sai ya shafa alli a tafin ƙafarsa, ya bi simintin shago, ya auna sawun. Bawan Allah ya manta tun faɗuwarsa a babur jan ƙafar hagu yake. Shekara ashirin yana jan ta, har ya daina ji.

Ranar gwaji ya ajiye abinsa a zauren makaranta, ya danna maɓalli. Ƙarfe ya taka dama, ya ja hagu. Mai Agogo ya bi gefensa kada ya faɗi, shi ma dama, jan hagu. Zaure ya kece da dariya, har malamai. Ya ɗauka murna ce, ya ɗaga musu hannu. Sai da ya hango kansu su biyu a gilashin ƙofa, sannan ya gane, ya sauke hannun.

Shugaba ta zo tana share hawaye. "Baba, wallahi ka iya shegantaka!"

"Hajiya, ajin fa? Ga zanen gwiwar na zo da shi."

"Aji kuma? Za mu sayo na kamfani, mai littafi, malamin kwamfuta ya koyar. Kai dai ranar ba da sakamako ka dawo mana da wannan. Amma ku taka tare, daɗin a nan yake."

Ya naɗe zanensa ya koma shago. Kwana tara ya yi yana kwance ƙafar ƙarfen nan yana ɗaurawa, har ta miƙe sarai. Ranar sakamako ya ajiye shi, ya koma bango ya tsaya. Ƙarfe ya ratsa zauren tiryan-tiryan kamar soja, abin da ko na kamfanin bai iya ba. Iyaye suna ta duba wayoyinsu. Mutum biyu suka tafa.

"Haba Baba," in ji Shugaba, "ai ka ɓata shi."

Ba su sake kiransa ba. Yana nan shagon, yana gyaran tocila. In ɗaliban sun taso suka biyo ta ƙofarsa, sai ya juya kujera ya ba titi baya.