Sunan da Zeinabou Ba Ta Faɗa

In ka sauka a tashar Agadez ka ce kana neman gidan Zeinabou, za a tambaye ka wacce, don masu sunan sun yi yawa a garin nan. Amma ka ce Zeinabou mai gaisuwa, ka sha mamaki. Ko mai sayar da ƙanƙara zai ajiye kularsa ya nuna maka lungun da ke cikin tsohon gari, gidan ƙasa mai koriyar ƙofa, inda ake hango hasumiyar babban masallaci daga tsakar gida.

Shekara ashirin da biyu ta yi tana karanta saƙonnin jama'a a wani ƙaramin gidan rediyo na gari. Ba ma da niyya ta shiga aikin ba. Sanarwar sunan ɗan yayarta ta kai, ta tarar mai karantawa yana ta tuntuɓe a kan sunayen Abzinawa da na Tubawa, yana yi musu gunduwa-gunduwa. Ita kuwa bakinta ba ya haƙuri. Daga bakin ƙofa ta shiga gyara masa. Daraktan gidan ya leƙo ya ce, to Malama, tunda kin iya, bismillah ga kujera. Ta zauna, kuma ba ta tashi ba sai da furfura ta fito mata.

Aikin nata yana da ƙa'ida. Ba ta karanta sunan mutum sai ta tambayi yadda ake kiransa a gidansu. Ta faɗi sunansa, da na ubansa, da unguwarsu ko rijiyar da suke shayarwa. In raƙumi ne ya ɓata, sai ta faɗi shaidar da ke wuyansa da ƙafar da yake ɗingisawa. Mutane daga Ingall sukan shigo gari musamman don su ba ta takarda hannu da hannu. Wallahi na san dattijon da ya yi shekara yana ba da labarin ranar da ta ambace shi.

Suna ɗaya ne kawai bai taɓa fita daga bakinta ba, a rediyo ko a gida: Marwan, ɗanta na fari. Kada wani ya ce ba ta son sa. Haka ta taso ta gani, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Da aka yaye shi, kakarsa Inna ta ɗauke shi. Daga nan ya zama "yaron Inna" a bakin Zeinabou. In zazzaɓi ya kama shi, ita ce ke kasa cin abinci, amma a fili sai ta ce, wai ya jikin yaron naku?

Mijinta Ilyas maƙerin azurfa ne, kuma ya koya wa Marwan sana'ar tun yana ƙarami. Bayan rasuwarsa kasuwa ta mutu, baƙin da ke sayen zobba da sarƙoƙi suka daina zuwa. Marwan ya ce zai tafi Tchibarakaten, wurin haƙar zinariya can kusa da iyakar Aljeriya. Zeinabou ta ce ba da yawunta ba. Ita ce fa ke karanta sanarwar waɗanda rami ya rufta da su, ta san abin da take tsoro. Ya nace, ta kafe. Ranar tafiya ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, "Zan tafi." Ba ta ɗago ba. Ta ɗauki mayafinta ta wuce shi ta tafi aiki. A tasha kowane matafiyi da mai rakiyarsa, shi kaɗai ya hau mota babu wanda ya ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Shekara huɗu babu waya, babu saƙo. Abin ya ci ta ƙwarai, kuma ta san laifinta ne. Abin da ta iya yi shi ne ta ƙara jimla ɗaya a ƙarshen shirinta: "Muna gaida mutanen Tchibarakaten gaba ɗaya." Ta san sarai muryar tasharsu ba ta ko kai rabin rabin hanya ba, amma kullum sai ta faɗa.

Sai kuma salula ta zo ta cinye aikin. Wa zai tako har gidan rediyo da takarda, alhali zai danna waya ya aika wokal, muryarsa ta isa kafin ya sauke hannu? Takardu suka ragu, daga tuli suka koma uku, suka koma ɗaya. Wata rana sabon darakta ya kira ta, ya yi ta kewaye-kewaye, ya yaba mata har ta gaji, sannan ya miƙa mata turmin zane. A lokacin shirinta aka koma sakin kiɗa daga ordinata, wato kwamfuta. Ta dawo gida ta zauna. Abin da ya fi ƙona mata rai ba kujerar ba ce, jimlar nan ta ƙarshe ce da ba ta da inda za ta faɗe ta.

Ƙanwarta Biba ce ta tashe ta. Biba turaren wuta take sayarwa ta WhatsApp, kuma ba ta san wani abu wai shi jin nauyi ba. Ta shigo wata safiya ta tarar da ita tana tsince shinkafa, ta dire mata waya a kan tabarma.

"Yaya, wai zaman makokin rediyo kike? Ga rediyo nan a hannunki. Ki yi magana in ɗauka, in watsa a gurup. Masu boko podkas suke ce masa."

"Pod me? Ni shiri na sani."

"To ki yi shirin, su kira shi abin da suka ga dama."

Ranar farko abin dariya ne. Zeinabou ta ƙi fara magana sai da ƙarfe huɗu ta buga daidai, don lokacin shirinta ke nan tun fil azal. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta yi gyaran murya, ta ce barkanku da yamma, ƙarfe huɗu ne daidai a Agadez. Biba ta faɗi tana dariya har da riƙe ciki. Ta ce, haba Yaya, wani da hantsi zai ji ki, wani sai jibi, wani yana kan raƙumi! Da aka sake ɗauka sai Zeinabou ta ce, "Barkanku da duk lokacin da na same ku." Har yau da haka take buɗewa.

A ƙuryar ɗaki suke ɗauka, inda bangon ƙasa ke tare ƙarar babura, su rataya bargo a ƙofa saboda awakin maƙwabta. Ashe mutane ba su daina son gaisuwa ba. Wokal mutum ɗaya yake zuwa wa, amma a faɗi sunanka duniya na ji, wannan daban ne. Saƙonni suka riƙa shigowa daga Arlit, daga Tamanrasset, daga ɗalibai a Yamai. Ita kuma ba ta tura su yadda suka zo. Sai ta saurara, ta tambaya, sannan ta faɗa da bakinta, suna da sunan uba da unguwa. Jimlar nan ta ƙarshe ma ta dawo wurinta.

Inda babu rezo kuwa, wato inda waya ba ta kamawa, mota ke kai muryarta. Wani dattijon direba, Lawali, mai kai ruwa da kayan abinci Tchibarakaten, shi ya fara zuba shirin a katin memwar. Can a daji ana sa katin a ƴan ƙananan rediyoyin nan masu ramin kati, a kewaye tukunyar shayi ana saurare. Daga baya har masu zuwa Fachi ɗauko gishiri da dabino suka riƙa tafiya da nasu. Muryar da a da ba ta wuce bayan gari ta koma tana ƙetare hamadar Tenere a aljihun mutane.

Wata rana da hantsi Lawali ya yi sallama, ya sha ruwa, ya ƙi tashi. Zeinabou ta gane da magana a bakinsa.

"Hajiya, na gan shi."

Ba ta tambayi wa ba. Ta dafa ƙasa da hannu biyu.

"Lafiyarsa lau, sai rama. Zinariya dai bai samu ba, injin niƙa dutse yake gyara wa mutane, hannun babansa ya ɗauko. Duk ranar da na kai sabon kati shi ke fara zuwa. A tsaye yake saurare, tun daga farko har ƙarshe. Wannan a gaishe shi ya yi ihu, wancan a gaishe shi a tafa masa. In an gama sai ya juya ya tafi. Na ce masa, kai, ka aika wa mahaifiyarka saƙo mana. Ya ce, Baba Lawali, ta gaida mai akuyar da ta ɓata, ta gaida mutumin da ba ta taɓa gani ba. Na san ba ta faɗin sunana, amma ko yaron Inna ba ta ce ba. Har yanzu fushi take."

"Innalillahi! To mutanen Tchibarakaten gaba ɗaya da nake cewa, don wa yake tsammani nake faɗa?"

"Hajiya, mu dubbai ne a wurin nan. Kowa ya ɗauka da shi kike."

Biba ta ce abu mai sauƙi ne, a ɗauki wokal a ba Lawali ya kai masa shi kaɗai, ba wanda zai ji. Zeinabou ta girgiza kai. Ta fi kowa sanin aikinta. Ta ce a gaban mutane ta bar shi ya hau mota shi kaɗai, a gaban mutane yake tsayawa yana jira, don haka a gaban mutane za ta ba shi abinsa.

Ɗaukar niyya ta fi aikatawa sauƙi. Washegari ta karanta saƙonni goma sha tara lafiya lau, da ta zo kan nasa sai ta kasa. Matar da ta shekara ashirin da biyu gaban mikro ba ta taɓa rasa ta cewa ba! Kunya ta rufe ta, zufa ta karyo mata. Da a rediyo ne kai tsaye, da shi ke nan, sai a saki kiɗa. Amma waya tana jira. Biba ta goge, suka sake, ta goge, suka sake. A karo na huɗu ta yi dogon shiru, sannan ta ce:

"Saƙo na ƙarshe nawa ne. Marwan Ilyas, na tsohon gari, ɗan Zeinabou. Marwan, mahaifiyarka ce. Ban yi maka addu'a ranar da ka tafi ba, ga ta yau: Allah ya kiyaye ka. Ka yafe mini. Da zinariya ko babu, ƙofa a buɗe take."

Biba tana share hawaye ta ce bari ta yanke shirun nan, ya yi tsawo. Zeinabou ta ce a bar shi yadda yake.

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Wata gwaggonta ta aiko a gaya mata ta zubar da mutuncin gida, wai tsufa ya zo mata da rashin kunya. Ta ji zafin maganar, ba ta musa ba. Amma a makon nan mata uku suka zo mata ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta yi ta zancen tsadar albasa kafin ta ce ita ma tana da wani yaro can wajen haƙa, ko za a saka ta a shiri.

Kwana goma sha biyu Lawali ya yi kafin ya dawo. Ya miƙa wa Biba kati cike da saƙonnin masu haƙa, yana murmushi. Suka zauna a tsakar gida suna bi ɗaya bayan ɗaya, Zeinabou na rubuta sunaye. Sai wata murya ta fito, ta yi kauri fiye da yadda ta san ta, ga ƙarar inji a bayanta.

"Sunana Marwan Ilyas, daga Tchibarakaten. Ina gaida mahaifiyata. Shekarata ashirin da bakwai ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na yi ta mayar da wurin baya ina sake ji har batir ya mutu, na ari na wani. Ni ne mai neman gafara. In Allah ya yarda ina cikin motar Baba Lawali a zuwa na gaba."

Alƙalamin ya faɗi daga hannunta. Biba ta miƙa hannu za ta wuce zuwa saƙo na gaba, Zeinabou ta riƙe mata yatsa.

"Tsaya. Nuna mini inda ake dannawa a mayar da shi baya."