Mai Kai Labarin Rasuwa a Jiwa

Shekara goma sha ɗaya Justina tana raba bango ɗaya da Malam Maude mai wankin hula a Jiwa, ba ta taɓa jin muryarsa ta tsallako ba sai safiyar wannan Talatar. Tana tsugune tana feraye doya ta ji ya daka tsawa, har wuƙar ta kuɓuce mata.

Da 'yarsa Khaula yake. Abin da Justina ta fara tsinta shi ne "goge shi", har sau uku. Khaula na cewa ai ta goge, minti nawa ma ya yi a sama, kuma ita ba ƙarya ta rubuta ba. Malam ya tambaye ta mutum nawa suka gani. Ta kauce wa tambayar. Ya sake tambaya. Ta ce arba'in da bakwai.

"Arba'in da bakwai, uwar yaro tana zaune ba ta sani ba."

"Baba, kai ma ai haka kake. Kai ma so kake ka riga kowa, don dai kai da ƙafa kake zuwa."

Justina ta saurari ƙarar mari, ba ta ji ba. Ta goge hannu a zani, ta ɗauko wayarta ta buɗe sitatus, wurin nan da kowa ke manna hoton da yake so a gani kafin ya ɓace gobe. Na farko Fatihu ne, autan Inna Fatu, da jar hular kwano, ya jingina da babur ɗin da yake kai wa mutanen birni saƙo idan sun yi oda ta waya. Na biyu shi ne. Na shida ma shi ne. Khaula ta goge nata, amma an riga an kwafa. A ƙasan kowanne an rubuta Innalillahi, an jera 'yan fuskokin nan masu zubar da hawaye.

Jiya-jiya yaron nan ya tsaya yana tsokanarta, wai doyarta ta fi tayar babur tauri. Justina ta zauna daɓas a ƙasa, ta kira sunan Yesu a hankali.

Ba a jima ba aka yi sallama a ƙofarta. Malam Maude ne cikin farar rigarsa mai guga, da leda cike da wankakkun huluna a hannu. Ya ce mota ce ta buge yaron a hanyar Gwagwalada, abokan aikinsa suka kai shi asibiti, kafin a sauke shi rai ya yi halinsa. Ɗaya daga cikinsu ɗan Jiwa ne, shi ya kira. Kuskuren da ya yi, in ji shi, ya amsa wayar a tsakar gida Khaula na shara. Ya ce Justina ta ɗaura ɗankwali su tafi.

Haka tsarinsa yake. Ba ya kai wa mace irin wannan labari sai da wata macen da za ta riƙe ta. Da can matarsa ce ke raka shi. Tun da ta rasu shekara huɗu da suka wuce sai ya koma ƙwanƙwasa wa Justina, kuma babu wanda ya taɓa cewa don me za a tafi da 'yar coci gidan rasuwar Musulmi. Ƙarfin hannu ake nema, ita kuwa mai ɗaukar buhun doya ce.

Ba sarki ya naɗa Malam Maude a wannan aiki ba, ba liman ba. Yana saurayi ya tafi tashar Jabi yana wanke wa direbobi huluna, lokacin rabin birnin daji ne. Wata rana da hantsi yana cin shinkafa da wake a bakin rumfa, wani kwandasta ya leƙo ta tagar motar da ke tafiya ya ƙwala masa: Maude, tsohuwarka ta mutu, tun jiya aka binne. Motar ba ta ko tsaya ba. Sau ɗaya ya taɓa ba Justina wannan labari, kuma ba ihun kwandastan ne ya fi tsaya masa ba. Cewa ya yi, da ya duba gefe da gefe ya ga kowa na harkarsa, sai ya mayar da hannu cikin kwano ya cinye abincin tas. Bayan nan shekara uku bai iya kai wake baki ba.

Ya tattara ya dawo Jiwa. Da aka yi wata rasuwa a birni, dattawa suna ta tura wa juna wa zai je ya faɗa, shi yaro a cikinsu ya ce zai je. Daga nan abin ya zama nasa, yau shekara talatin da ɗoriya.

Ba ya sauri. Yana shiga gida ya cire takalmi ya zauna, ya roƙi ruwa, ya sha. Ya tambayi gona, ya tambayi ciwon gwiwa. Can ya ce an kira shi, wane ba ya jin daɗi. Ya yi shiru. Ya ce jikin da ɗan nauyi. Ya sake yin shiru, ya bar mai gida ya yi ta matsowa da tambaya, har yawanci mutum da bakinsa yake furta kalmar, shi Malam sai dai ya sunkuyar da kai. Ya san gidan da za a fara kiran fasto da wanda za a fara ɓoye wuƙaƙe. Kuma don kada fuskarsa ta zama labari tun daga nesa, duk mako sai ya zaga gari da ledar huluna, ya leƙa kowane gida. Inda ba a sa hula ma yakan shiga aron allura. Shi ya sa in aka ga Maude tafe, babu mai iya cewa hula ya kawo ko mutuwa.

Ƙananan wayoyi ba su taɓa masa aiki ba, sai ma sauƙi da suka kawo, a kira shi daga asibiti shi ya ƙarasa da ƙafa. Manyan ne suka taɓa shi, masu shafawa, da data ta shiga hannun kowa har masu tallan gyaɗa. A shekara ukun nan sau huɗu kacal aka neme shi, biyu daga ciki ya isa ya tarar ana birgima a tsakar gida, wani jika ya riga ya miƙa wa kaka waya ya ce duba.

Gidan Inna Fatu na can ƙarshen gari, bakin gonakin rogo, tafiyar kusan minti ashirin. Justina ta ga ɗan acaba ta ɗaga hannu. Malam ya sauke mata hannun. Ya ce in aka ga Maude a kan babur da farar riga da sassafe, gari ya gama sani.

"Baba Maude, gari ya sani fa. Waya ta gama gaya musu."

"Saura mutum ɗaya," in ji shi. "Wajenta za mu."

Ya ci gaba da tafiyarsa ta kullum, ledar tana lilo. Ya tsaya gun mai shayi ya gaishe shi, har da tambayar ko an gyara masa murhu. Mai shayin ya kife wayarsa a kan tebur, ya amsa yana kallon buta. Mata biyu a bakin famfo suka yi tsit, ɗaya ta ɓoye waya a bayan zani kamar an kama ta da sata. Kowa ya san inda za shi, kowa kuma na taya shi yin kamar ba a sani ba.

Maganar Khaula ta ƙi barin kunnenta. Ita ma ta sha lura da yadda Malam ke miƙewa samɓal in an kira shi, mutumin da kullum yake duƙe a kan baho da buroshi. Ta ga yadda farar rigar nan take a goge a rataye, tana jira. Mai wankin hula ne da yara ke wucewa ba gaisuwa, amma ranar da ya ɗauko mutuwa a baki, hakimi ma sai ya kauce masa. Wa zai so a ƙwace masa wannan? Ta kalli ƙeyarsa, ta ji kunyar tunanin, amma tunanin bai tafi ba.

Sun wuce makarantar firamare ta sake duba waya, don hannunta ya ƙi zama. A can sama ta ga sabon sitatus, minti huɗu da sawa. Na Inna Fatu.

Bara Fatihu ya kawo wa tsohuwar babbar waya, don ta riƙa ganinsa in yana yawon birni. Ba ta karanta boko ko harafi ɗaya. Khaula ce ta zauna da ita sati guda ta koya mata danna saƙon murya da tura hoto, daga nan Inna Fatu ta zama ba ta da aiki sai kallon sitatus, tana shafawa da babban yatsa tana yi wa hotuna magana. Abu ɗaya kuma ta gane da kanta: duk ranar da fuskar mutum ɗaya ta cika wayar kowa, to yaran zamani na yi masa bazde ne, murnar zagayowar ranar haihuwa. Fuskoki masu hawaye kuwa, an taɓa gaya mata dariya ce ta yi yawa.

Hoton Fatihu ne ta sa, mai jar hular kwano, da rubutun da komai. A bayansa ta ɗora murya. Justina ta danna, guɗa ta tashi daga wayar a tsakiyar hanya, doguwa, irin ta tsofaffin da suka iya.

"Ashe autana ne ke bazde yau, ja'iri ya fita bai gaya mini ba. Na ga duk kun sa shi, Allah ya yi muku albarka. Allah ya ja kwananka, Fatihu, ya nuna mini 'ya'yanka. Ka dawo da wuri, na jiƙa shinkafa."

Allah kaɗai ya san mutum nawa suka saurara. Babu wanda ya ce mata komai.

Malam Maude ya karɓi wayar ya kara a kunne, ya ce a sake. Justina ta sake danna masa. Ko Innalillahi bai tsaya faɗa ba. Ledar ta zame daga hannunsa, huluna suka gangara cikin jar ƙasa, wankin kwana biyu. Bai duba su ba. Ya tattare rigarsa zuwa gwiwa ya sheƙa da gudu.

Dattijo mai shekara sittin da biyu, takalmi na fas-fas, hularsa a karkace. Masu shaguna suka fito suna kallo baki buɗe. Justina na biye da shi tana haki, ta kasa cim masa. Ko tausayin Inna Fatu ne ke korarsa, ko tsoron kada waya ta riga shi a karo na uku, ba ta iya rabewa ba, kuma ba ta jin shi ma zai iya.

A ƙofar gidan mutane sun fi ashirin a gindin mangwaro, cirko-cirko, kowa da waya a hannu. Babu wanda ya yarda ya shiga. Wata budurwa ta ɗaga tata ta saita zaure, tana jiran kukan farko. Justina ta danne mata hannu har sai da wayar ta kusa faɗuwa, ta ce mata da Turancin kasuwa ko uwarta ce a ciki haka za ta yi, sannan ta bi Malam.

Inna Fatu na zaune a kan tabarma daga cikin ɗakinta, labule a ɗage, ƙafafu a miƙe, waya a cinya. Kwanon jiƙaƙƙiyar shinkafa na gefe. Da ta gan su sai fuskarta ta washe. Ta ce lale da Maude, yau kuma tsere ake yi da tsufa? Ta ce Justina ta shigo ta ga abin arziki, gari kaf ya sa hoton autanta. Sai dai mutanen yau ba su da ta ido, tun ɗazu ake kiranta, da ta ɗauka tana dariya sai a kashe. Shi kansa mai bazden ta kira shi sau biyar bai ɗauka ba, wataƙila yana kan hanya da kayan mutane.

Malam ya dafa ƙyauren ɗakin yana neman numfashi, takalminsa a ƙafa, gumi na bin gemunsa. Justina ta raɓa ta gefensa ta durƙusa kusa da tsohuwar, ta rasa inda za ta sa ido.

Wayar ta yi ƙara. Inna Fatu ta ɗaga ta ta kanne ido, ta gane hoton mai saƙon. Ta ce ƙanwarta ce ta Suleja ta aiko murya, doguwa kuwa, bari a ji irin addu'ar da ita ta yi wa ɗan nata. Justina ta hango saƙon, kusan minti uku. Ta san abin da mace ke faɗa wa yayarta na minti uku a irin wannan safiya, ta kuma san da kuka zai fara. Babban yatsan tsohuwar ya doshi gilashin.

Malam Maude bai zauna ba. Daga nan bakin ƙofa ya yi magana.

"Inna Fatu, kada ki taɓa. Ɗago ki dube ni. Allah ya karɓi Fatihu da safen nan a hanyar Gwagwalada, ni Maude nake gaya miki. Justina, riƙe ta."