Zaman Dirshan ɗin Gwaggo a Gaban Mukayyif

Ko yau aka tashe ni daga barci zan ba da labarin walimar nan, don ba ta barin zuciyata har abada.

A gidanmu na unguwar Ammariyya a Jidda akwai wata al'ada da ba wanda ya san mai kafa ta. In ana taron mata, haifaffun Jidda su ke hawa kafet gaban mukayyif, na'urar sanyin nan. Baƙin da suka zo daga ƙasarmu kuwa sai bakin ƙofa, kusa da takalma. Alhali dukkanmu launin tukunya ɗaya ne.

A shekarar ne gwaggon maigidana ta zo mana. Mace ce mai rediyo a kunne, ta sha jin yadda baƙar fatan Amurka suka riƙa zama a gidajen abincin da aka hana su, har kotu ta ba su gaskiya. Muna shiga wurin walimar ta wuce kai tsaye, ta baje a gaban mukayyif.

Maƙwabciyata, haifaffiyar unguwar Bab Makka ta nan Jidda, ta ce mata, "Ya khala, gwaggo, yalla tashi, wurinku can ne."

Gwaggo ta ce, "Zaman dirshan nake, 'yata. Kai ni kotu."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don da matan nan nake kwana nake tashi. Aka garzaya da ƙara gaban tsohuwar gidan, wadda ke gyangyaɗi da carbi a hannu. Ta saurari kowa, ta ce, "A Arfa wa ya raba muku tabarma? Halas, kowa ya zauna inda ya samu."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Sai dai baiwar Allah ba ta saba da mukayyif ba. Kafin a kawo shinkafa haƙoranta na kaɗawa, tana atishawa kamar akuyar da ta shaƙi barkono. Na raɗa mata, "Gwaggo, dawo nan ki sha ɗumi."

Ta harare ni. "Wurin da kotu ta ba ni? Ko gawata!"

Washegari mura ta kwantar da ita. Wa ya ƙwanƙwasa ƙofa da shayin citta? Maƙwabciyar nan, tana cewa, "Ya khala, mu ma dauriya muke, wallahi."

Tun ranar na gane: wurin da ake hana wani, sau da yawa mai shi ma sanyi yake ci; girman kai kawai ya hana shi matsawa.