Motar Maharazu Ba Ta Yoyo

Alhaji Maharazu, mai sayar da awaki a kasuwar Daura, mutum ne da ko ruwa ka ba shi sai ya leƙa cikin kofin. Abin da ya yarda da shi a duniya ɗaya ne, tsohuwar motar da ya gada wurin mahaifinsa. Kullum baƙin manta raguwa yake, shi kuwa ya rantse ba ta yoyo, tunda bai taɓa ganin ɗigo a tsakar gida inda take kwana ba. Ke nan makanikai ne ke zuƙe masa. Har ya yi wa Kalilu bakanike barazanar kotun shari'a.

"Alhaji, robar ƙasan injin ce ta cinye," in ji Kalilu. "Shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ka gani."

Ya shimfiɗa, don kawai ya ƙaryata shi. Dawowarsa daga sallar asuba, sai ga matarsa Yelwa tsugune, ta janye kwalin da ya jiƙe sharkaf da mai, tana barbaɗa sabon yashi a wurin.

"Tun yaushe kike wannan?"

"Tun zuwana gidan nan, Alhaji," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Da ka ga tabon, cewa za ka yi ni na zubar."