Naman da Ya Kwana a Firji

A shekarun da ake ta maganar mulkin kai, ina akawu a wani kamfanin sayen fata da ƙirgi a Sakkwato. Gidanmu a Ƙofar Atiku yake, gidan fawa ne tun kakanni, ni kaɗai aka kai boko. Jami'a a lokacin tana can kudu, labarinta kawai muke ji. Sai wata shekara jami'ar ta turo malami ya buɗe wa ma'aikata aji bayan la'asar, a wani ɗakin makarantar midil. Darasin da ya zo da shi hanyoyin bincike ne a harkar kasuwanci. Na shiga saboda manajanmu ya ce Turawa sun kusa tafiya, kuma mai takarda za a fara dubawa idan an zo cike kujerunsu.

Malamin ɗan kudu ne, siriri, mai tabarau, Hausarsa daidai ta ciniki. Ranar farko ya tambaye mu abin da aka fi saye a kasuwar Sakkwato. Wani ya ce gero, wani ya ce goro, wani gishiri. Duk wanda ya amsa sai ya ce masa, "Yaya aka yi ka sani?" Babu wanda ya iya wuce "ai kowa ya sani". A kan haka aka tashi.

Daga nan ya koya mana yadda ake tsayar da tambaya guda ɗaya, da yadda mutum zai faɗi zatonsa tun kafin ya fita nema, da yadda ake zaɓen waɗanda za a tambaya. Ya ce mai sayen gero ba ya yarda da na bakin buhu, sai ya cusa hannu har ƙasa. Bayan 'yan makonni ya ce kowa ya samo tambayarsa daga sana'ar da ya sani.

Tawa a gida na same ta. Baffana, ƙanin mahaifina, yana da teburin nama a kasuwa, kuma kwantai na damunsa. Naman da ya kai yamma bai shiga ba sai a kai wa masu tsire a wulaƙance. Ya ga firji mai aiki da kananzir a kantin wani Balarabe, ya ƙwallafa rai a kansa. Tambayata ita ce ko mutanen gari za su sayi naman da ya kwana a firji. Zatona za su saya.

Na tsaya gefen teburin Baffa ina tambayar masu saye, kowa ya ce me zai hana. Na kai wa malam wannan amsa ina ganin aiki ya ƙare.

Ya ce, "A ina ka tambaye su?"

Na ce, "A teburin baffana, Malam."

"Shi yana ina?"

"Yana nan yana yanka."

Ya ce wanda ke jiran mahauci ya ƙara masa gyara ba zai saɓa masa ba. In koma in yi tambayar nesa da teburin. Na zagaya rumfunan hatsi da na 'yan koli da bakin tasha. A can amsoshin suka zama "sai mun gani" da "Allah shi kai mu". Malam ya ce to, baki ya yi iyakar abin da zai yi, yanzu sai a gwada a ga abin da hannu zai ɗauka.

Balaraben ya yarda mu riƙa ajiye cinya guda a firjinsa da yamma, mu ɗauka da safe. Muka shirya faranti biyu, ɗaya na yankan safiya, ɗaya na firji, kashi ɗaya, farashi ɗaya. A nan muka ɗan sami saɓani da Baffa.

Ya ce, "Kai ɗana, mi za a gaya musu? A bari sanyin shi fita, wa ka ganewa?"

Na ce malam ya ce dole a faɗa wa kowa gaskiyar abin da ke gabansa, in ba haka ba gwajin bai yi ba.

Ya ce, "Malamin ga naku ya taɓa saida nama?" Amma ya yarda.

Muka yi ta yi har kusan wata. Ni ina zaune a kan benci kafin lokacin ofis ina lura. Yawanci mutum zai zo, a yi masa bayani, ya gyaɗa kai, ya sa yatsa ya taɓa na firji, ya janye hannu, ya nuna ɗayan. Wata tsohuwa ta taɓa ta ce, "Subhanallahi, nama da sanyi awa gawa?" Wani maƙwabcinmu da ya fi kowa cewa me zai hana, ko kallon farantin bai yi ba. Wasu suka tambaya ko da gaske yankakke ne. Waɗanda suka saya su ne kuku-kukun Turawa, da wasu akawuna 'yan kudu, da wani malamin asibiti wanda ya ce a wurin aikinsu ya saba da firji. Su kuma ba su da yawan da za su riƙe teburi.

Na rubuta rahoton da Turanci na karanta a gaban aji. Na ji nauyin faɗin cewa zatona bai yi daidai ba, sai malam ya ce shi ma sakamako ne, kuma ya fi sauƙi a kan sayen firji. Ya ɗan gyara mini inda na ce "mutanen Sakkwato", ya mayar da shi "masu saye a teburi ɗaya, a wata ɗaya". Ya ba ni makin wucewa.

Na fassara wa Baffa rahoton a zaure, ya saurara har ƙarshe yana wasa wuƙa, ya ce, "To, na jiya." Bayan bikin mulkin kai da 'yan watanni ya sayi firjin. Naman bai shiga ba. Da bazara ta kama sai matarsa ta fara sa kunun zaƙi da ruwa a kwalabe a ciki tana sayarwa, kafin azahar sun ƙare. Har daga wasu unguwanni ake aikowa. Daga baya ya bar mata firjin gaba ɗaya, ya ci gaba da kai kwantansa wurin masu tsire.

Lokacin malam ya riga ya koma kudu, ban sami hanyar gaya masa ba. Takardar shaidar gama darasin ta iso ta gidan waya, kuma a shekarar da ta biyo aka mayar da ni mataimakin manaja a rumbun fata.